Labulen Ɗakin Fatna

Juma'a, bayan la'asar

Sun dawo da Fatna daga asibiti shekaranjiya. Babu wanda ya gaya mini. A bakin Dumbulwa direba na ji, shi ma a wurin mai wankin mota ya tsinta. Matar wana Bakri, Allah ya jiƙansa, wadda nake cin tuwonta kowace Juma'a tun ba a haifi mai gidan da take ciki ba, sai a bakin mai wankin mota.

Daga Haramin Madina na wuce unguwar Halidiyya da ledar dabino a hannu. Ɗanta Saifuddeen ya buɗe ƙofa, ya sumbaci kaina, ya ce, "Tafaddal, ya ammi," wato shigo baffa, ya nuna mini majalisin baƙi. Na ce ba zama na zo yi ba, uwarka na zo gani. Na nufi lungun da ke kai wa ɗakinta, sai na ga mutum ya sha gabana. Bai taɓa ni ba. Tsayawa kawai ya yi, ya cika lungun da kafaɗun nan irin na ubansa.

"Tana hutawa, ammi."

"Zan zauna har ta farka."

"Ka zauna a majalisi. Zan kai mata gaisuwarka."

"Gaisuwata tana da ƙafafu, ga su nan."

Ya sunkuyar da kai, ya ce daga yanzu maza ba sa shiga ɗakin sai muharrami. Na waiga in ga mazan da yake nufi. Ni kaɗai ne.

Ba yau ya fara ba. Tun bara da ya soma zama wurin karatun wani malami ɗan Najeriya yake gunaguni: kada mu ci kwano ɗaya, kada in miƙa mata hannu, kada in kira ta matata a gaban yara. Fatna ke kashe maganar. Takan ce, "Saifu, ƙanin ubanka ne, abokin wasana ne, haka muka taras. In ka ga zunubi a jikinsa karkaɗe masa, ƙurar gona ce." Ya jira sai da bakinta ya yi nauyi.

Matarsa Suhaila ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ajiye shayi. Ban sha ba. Na bar ledar a bakin ƙofa na fito.

Ba komai.

Asabar, da hantsi

Injin ban ruwa ya sake tsayawa. Ba zan kira kowa ba.

Lahadi, bayan azahar

Da ajamin da na tsinta a allo kafin mu baro Sudan nake rubuta wannan. Dabino ba ya amsa magana, a gonar nan ta Awali kuma babu mai jin Hausa sai ni.

Ranar da aka haifi yaron nan Saifuddeen, Bakri yana Yanbu wurin aiki. Ni na tare mota. Ni na tallafe ta muka sauko daga bene tana cizon hannun rigata. Ni na yi masa kiran salla a kunne, ni na yanka ragon suna. Da Bakri ya kwanta ciwon ajali ni da ita muke juya shi, ita ta kama ƙafa ni in kama kafaɗa, goshinmu har yana haɗuwa. A lokacin ban zama namiji ba. Sai yanzu da haƙora suka zube, gwiwa take ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

A wurinmu matar wa matarka ce ta wasa. Ka ce miyarta ba gishiri, ta ce kai ne ba harshe. Ta fizge maka hula, sai ka fanshe ta. Kowace shekara nunar farin rutana, dabinon da ke riga saura yin laushi, tata ce, wai harajin miji. Ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da wata manufa. Ni dai ban taɓa ba.

Ban taɓa ba.

Abin da ya same ta a ɗakin girki ba zan rubuta shi ba. Likitoci suna da sunansa, su riƙe abinsu.

Talata, da safe

Saifuddeen ya zo gona da kayan aikinsa na filin jirgi, daga aiki ya biyo, idanu jajur. Ina kan ɗaura wa nonnan dabino raga saboda tsuntsu. Na bar shi a tsaye sai da na gama bishiyar. Yana yi mini Larabci ina mayar masa da Hausa, kamar kullum.

"Ammi, ka yi fushi."

"Da wa? Ni baƙo ne, baƙo ba ya fushi."

"Ba ta iya jan mayafinta yanzu. Hannun dama ba ya tashi. In zane ya zame ba ta sani ba. Ni ne idonta, ni za a tambaya."

"Ni ɓarawo ne?"

"Ban ce ba. Amma an ruwaito cewa ɗan'uwan miji mutuwa ne. Ba ni na faɗa ba. Ina so ta gama da kyau, shi ke nan abin da nake so."

Na ce, "To, mutuwa ta ji. Amma akwai wata can zaune a bakin gadon, ban ga ka ce mata ta jira a majalisi ba."

Ya juya mini baya, ya daɗe yana kallon magudanar ruwa. Shi ya ja.

Da ya juyo sai ya ce ya sayo labule ya rataya a ƙofar ɗakin, zai sa mini kujera a lungu. In yi magana ta ji ni, ta yi in ji ta. Wai wannan ba laifi.

Na ce ni ba mai tallar atamfa ba ne da zan yi ciniki da matan gida ta bayan labule. Ko in shiga yadda na saba, ko kada in je.

Ya ce, "Yadda ka so, ammi." Ya sumbaci kaina ya tafi. Wannan sumbar kai ta ishe ni. Mutum ya sumbaci kanka ya taka ƙafarka.

Laraba, da magariba

Na gaji. Ba aiki ne ya gajiyar da ni ba.

Juma'a, bayan la'asar

Ban je ba. Na sayi gurasa da wake na ci a gindin bishiya tare da yaran Bangali, suna ta hira da yarensu ina gyaɗa kai.

Iskar yau kamar an buɗe tanda. Rutana ta fara laushi daga baki, tsuntsaye sun riga ni sani. Na tsinke na farko na sa a kwano na rufe. Ban san me ya sa na rufe ba. In mai gona ya zo sai in ba shi.

Babu wanda ya kira. Ni ma ba zan kira ba.

Lahadi, da yamma

Dumbulwa ya zo ɗaukar kaya zuwa kasuwar dabino, ya kashe akori-kurarsa ya zauna shan shayi ba a gayyace shi ba. Mutanen Cadi haka suke. Na ba shi labari daga farko, ya saurara yana juya kofi.

"Dattijo, ana ce maka tsohon doki, ashe wayon ya tsere. Ka aure ta mana."

Na ce ya maimaita.

"Ka aure ta. Takaba ta ƙare tun zamanin da. Ba ka da mata, ba ta da miji. Waliyyi, shaidu biyu, ɗan sadaki, an gama. Takarda ta biyo baya in ta ga dama. Ka shiga ɗakin ka zauna har ka gaji, in ga malamin da zai ɗaga ka."

"Kana hauka? Matar wana?"

"Shekara hamsin kana ce mata matata. Mala'iku sun gaji da rubutawa suna gogewa. Ka taimake su."

Na ce masa wasa ne, kowa ya san wasa ne, kuma wanda bai san wasa ba bai san komai ba. Na faɗi maganganu da yawa. Ya bar ni na gama.

"To in wasa ne me ya ɗaga maka jijiyar wuya?"

Na tambaye shi, wa ye waliyyin? Ya sani sarai. Ɗanta ne. In je in durƙusa gaban yaron da ya yi mini fitsari a wuya, in ce ina neman uwarsa.

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, dattijo."

"Wadan nan ya fi ni tsawo."

Na ɗauke butar shayin na shige ɗaki. Ya loda kayansa shi kaɗai.

Litinin, da hantsi

A jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda akwai wata yarinya da teku ya hana zama, tana ta amai a bakin ƙarfe. Na ba ta lemun tsami ta tsotsa. Bakri yana can yana barci kan kaya, bai ma gan ta ba sai da muka sauka. Da iyaye suka zauna maganar aurenta a Madina, babanmu ya ce babba ake fara yi wa. Haka ne kuwa. Babba ake fara yi wa.

Na yi nawa auren daga baya. Zenabu ta zauna damina biyu, ta ce gidan ba kowa a ciki, ta koma wurin danginta a Makka.

Ban san abin da ya kawo wannan ba. Zafi ne.

Laraba, bayan isha'i

Suhaila ta kira ni da rana. Ba ta taɓa kirana ba. Ta ce, "Ammi, ta ƙi abinci. Ƙofa kawai take kallo." Na ce dama zan shigo gari, kuma dabinon zai lalace in ya ƙara kwana.

Labulen kore ne, sabo, har da sawun ninkin kanti a jikinsa. Kujerar roba a gabansa. Lungun yana warin maganin asibiti da turaren wuta. Na tsaya tukuna, don su san ban zo da niyyar zama ba. Sannan gwiwa ta zaunar da ni.

Na ce, "Salamu alaikum masu gida. Wai ina matar nan da ta gudu ta bar mijinta da yunwa?"

Sai wata murya, kamar mai magana da tsakuwa a baki. Suhaila ta fara fassara mini daga ciki, na ce ta bari, na ji.

"Rago ya zo," ta ce.

"Ya zo."

"Ina harajina?"

Na tura kwanon ta ƙarƙashin labule. Na ji Suhaila tana murje ɗaya da cokali. Aka daɗe.

"Bai nuna ba," in ji Fatna. "Kamar mai kawo shi."

Ta ci uku. Suhaila ta ce tun shekaranjiya ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa.

Na yi ta surutu, injin ruwa, tsadar taki, rashin kunyar Dumbulwa, ban dai faɗi wace rashin kunyar ba. Takan ce "uhm". Daga baya "uhm" ɗin ya tsaya. Ban san ko barci ta yi ba, ko tana murmushi, ko tana jin ciwo ta danne don ina nan. Fatna ba da baki take zagi ba, da gira take yi. Ta ƙarƙashin labulen ƙafar gado kawai ake gani da silifas ɗin Suhaila.

Murya ba mutum ba ce.

Alhamis, bayan la'asar

Kujera. Labule.

Juma'a, bayan la'asar

Kujera. Labule. Kalma huɗu ko biyar ta yi. Saifuddeen ya kawo mini abinci a faranti ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya yi barci a zaune, baki buɗe. Ya rame. Ba ruwana, shi ya ɗora wa kansa. Na dai cire masa hular kada ta faɗi.

Asabar, da magariba

Sun mayar da ita asibiti da safe, kafin la'asar sun dawo. Ba a gaya mini abin da aka ce ba, ban tambaya ba. In likita ya ce a kai mutum gida a ba shi duk abin da ransa yake so, wannan Larabcin na iya shi.

Lahadi, da safe

Na wanke farar jallabiyata. Datti ta yi, shi ya sa.

Litinin, bayan isha'i

Mutum ba ya neman aure da bakinsa, don haka na ɗauki Dumbulwa. Duk hanya murmushi yake wa sitiyari. Na ce in ya kuskura ya yi dariya a gidan mutane zan fasa masa gilashin mota.

Muka zauna a majalisi. Ya ajiye goro da kwalin dabinon ajwa a tsakiya, ya gyara murya kamar limami.

"Malam Saifuddeen, mun zo neman iri a gidan nan. Ɗanmu Ɗan'inna ya ga Hajiya Fatna ya yaba da hankalinta. Yaro ne mai sana'a, ba ya shaye-shaye sai shayi."

Ban durƙusa ba. Na dai sauko daga kujera na zauna a ƙasa, don ƙasa ta fi sanyi.

Saifuddeen ya dube ni, ya dubi goron. Sai ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ko dariya ce ko ɗayan, ban tantance ba. Da ya buɗe fuska, da Hausa ya yi magana, Hausarsa mai ɗingishi.

"Ba zan ba da ita ba sai ta yarda."

"Wa ya ce ka ba da ita? Buhun gero ce?"

"Kuma mai nema yana da haƙƙin ganin fuskar wadda yake nema, a gaban waliyyinta. Shari'a ta ba shi." Da sauri ya faɗa, kamar abin ya daɗe a aljihunsa yana neman wanda zai miƙa wa. Sannan ya ce, "Amma sai in da gaske kake, ammi. In dabara ce ba zan iya ba."

Na ce da gaske nake. Abin da ya ba ni haushi, na laluba bakina ban ji ɗanɗanon ƙarya ba.

Ya shiga ciki. Aka daɗe, ina jin ana buɗe durowa ana rufewa. Sannan ya leƙo ya kira ni, ya kama labulen ya ja shi gefe da hannunsa.

Ta ƙanƙance. Gadon ya yi mata yawa. Gefen fuskarta ɗaya ya sauka kamar bangon laka bayan ruwa. An naɗa mata farin mayafi an soke da allura. Amma ta sa an zizara mata kwalli. Wannan ne abin da aka daɗe ana yi.

Ta dube ni daga hula har ƙafa. Girar hagu ta tashi.

"Wannan ne? Babu wani?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya, shi ya rage a kasuwa."

"Saifu, haƙoransa nawa?"

"Yumma," in ji shi, yadda yake kiran uwarsa, yana kallon ƙasa.

"Zan yi shawara. Ya dawo gobe in ƙara dubawa, idona ba ya gani sosai."

Bai ba ni haƙuri ba har na fito. Na lura.

Talata, da magariba

Tana shawara. Ta ce hulata a karkace take, ba ta son miji mai karkatacciyar hula.

Laraba, da magariba

Tana shawara. Yau sana'ata ta tambaya, na ce hawan dabino. Ta ce ita da ake kawo mata 'yan kasuwa. Saifuddeen yana kusurwa da carbinsa. Ya ce, "Yumma, ganin nan fa ba kullum ake yinsa ba." Ta ce, "Kai ka auri Suhaila da gani ɗaya, ga shi kana ta ramewa." Suhaila ta yi dariya a lungu har da tari. Bai sake magana ba.

Yanzu Suhaila ce a bayan labule, ni a ciki. Duniya.

Alhamis, bayan la'asar

Barci ta yi tun da na shiga har na fito. Saifuddeen bai ce in tashi ba. Hannunta na hagu yana kan zanen gado, tsakanina da shi bai kai taki ɗaya ba. Akwai tabon man gyaɗa a bayansa, na san ranar da ta ƙone. Saifuddeen ya fita ɗebo ruwa, ya bar ƙofa a buɗe.

Ban taɓa ba. Ba wanda ya hana ni. Mai nema ba ya taɓawa.

Juma'a

Ba ta farka sosai ba. Ta kira ni Bakri sau ɗaya. Na amsa.

Lahadi, bayan isha'i

Yau ta tashi garau, har ta sha kunu. Suhaila tana murna. Ni na ga irin wannan garau ɗin a wurin Bakri, ban gaya mata ba.

Ta sa aka tayar da ita aka jingina da matashi. Maganarta ta fito fiye da kullum.

"Saifu, gaya wa baƙonka na gama shawara."

"Yana jin ki, yumma."

"Ɗan'inna." Ba ta cika kiran sunana ba. "An ce a can mace ta mijinta na ƙarshe ce. Haka ne, Saifu?"

"Haka wasu malamai suka ce."

"To Bakri ya daɗe yana jira, ka san shi ba haƙuri. In na amsa maka, in je in ce masa me?"

Na ce ta ce masa ya yi barci ne aka wuce da kayansa.

Ta yi dariya da rabin baki. Sannan girar ta sauka, ta dube ni sosai.

"Duk shekarun nan da ya tafi, ina bakinka yake?"

Na dubi Saifuddeen, yana ƙirga carbi kamar an biya shi.

"Yanzu na kusa isa gida," ta ce. "Ba na sauya mota a hanya."

"Dama miyarki ba gishiri."

"Kai ne ba harshe."

Muka zauna haka. Na kalle ta yadda nake so, ita ma ba ta kawar da ido ba. Da aka yi kiran la'asar na miƙe. Saifuddeen ya ce, "Ammi, zauna, ba komai." Na ce a'a, an ba ni amsa, ni ba mai naci ba ne. Yaron da ya kafa doka ba zai karya ta don tausayina ba, ba na karɓar sadaka.

Na fita, na ja labulen da hannuna, na zauna a kujerar roba har magariba. Ina jin numfashinta.

Litinin, da magariba

Kujera. Barci take yi.

Talata, da hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, bayan isha'i

An yi mata salla a Harami bayan azahar, aka wuce da ita maƙabartar Baƙi'a da saurin nan nasu, ina baya ina jan ƙafa. Dumbulwa ya riƙe mini gwiwar hannu, na fizge, ya sake riƙewa.

A bakin kabari suka buɗe wani babban mayafi, mutum huɗu suka kama kusurwoyinsa suka rufe saman ramin, yadda ake yi wa mata. Ana son mutum biyu a ƙasa. Saifuddeen ya sauka. Abokan karatunsa suna tsaye a wurin, samari majiya ƙarfi, kowa ya naɗe hannun riga. Ya leƙo ta ƙarƙashin mayafin, ya wuce su da ido, ya miƙo mini hannu.

Na ce, "Ya halatta?"

"Ya halatta. Sauko."

Na sauka. Ciki duhu-duhu, ƙasar da ɗumi. Aka miƙo ta, wajen kai ya faɗo a hannuna. Ba ta kai nauyin nonon dabino ɗaya ba. Muka kwantar da ita ta dama, fuska ga alƙibla, na gyara mata ƙasa a ƙarƙashin kunci. Mayafin yana samanmu, mutane duk suna waje, ƙafafunsu kawai nake gani. Ni ina ciki.

Na sunkuya na ce mata a hankali, "To amarya, na kawo ki ɗakin mijinki. Sai ki shiga da ƙafar dama."

Saifuddeen ya ji.

Sai da mutum biyu suka ja ni kafin na fito.